Da a Sabon Tasha aka haife ni, da wane addini nake yi yau?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya tausasa harshe, don maganar ta ƙanena ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne autanmu, shekararsa 24, ya sauke Alƙur'ani tun yana sakandare, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Mu 'yan Tudun Wada ne a nan Kaduna. A can inda ya yi bautar ƙasar ɗaki ɗaya suka zauna da wani yaro Kirista ɗan Sabon Tasha. Da azumi yaron ne ke tashinsa sahur. Da taifot ta kwantar da ƙanena, yaron ne ya yi ta jinyarsa har muka iso.

Tun da ya dawo na ga jikinsa ya yi sanyi. Da na matsa masa sai ya ce: "Yaya, tsakanin gidanmu da gidansu gada ce kawai. Da a Sabon Tasha aka haife ni, da wane addini nake yi yau? Shi kuma da Umma ce ta haife shi, ai da shi ke ja mana tarawihi. To ni me na yi da na cancanci aljanna, shi me ya yi da ya cancanci wuta?" Ya ce tambayar ta hana shi barci, ko kabbara ya tayar ita ke faɗo masa.

Bai bar salla ba, bai zagi kowa ba. Amma magana ta kai kunnen babban yayanmu, ya ce a ƙwace wayarsa, a kai shi wajen ruƙiya, a raba shi da abokin nan. Umma kuka kawai take yi. Ni hankalina bai kwanta da wannan shawara ba, amma ba ni da ilimin da zan ba shi amsa. Yaya zan yi?

Ummu Aiman:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya tsare mana imaninmu da na zuri'armu. Ki dage da tashin dare, 'yar'uwa.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, yayanku bai yi laifi ba, kishin ɗan'uwansa yake yi. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Shaiɗan yana zuwa wa mutum ya ce wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga cewa wa ya halicci Ubangijinka. Manzon Allah (SAW) ya ce in abin ya kai nan, mutum ya nemi tsarin Allah ya daina. Bai ce a zauna a yi ta tattaunawa ba. Kuma Allah Ya faɗa a Ali Imrana aya ta 19 cewa addini a wurinSa shi ne Musulunci, Ya ƙara a aya ta 85 cewa wanda ya nemi wanin Musulunci ba za a karɓa daga gare shi ba. Magana ta ƙare. Game da abokin kuwa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A gaisa, a yi mu'amala, amma kwana ɗaki ɗaya shekara guda ga abin da ya haifar.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Malam Abu Sumayya, hadisin da ka kawo sahihi ne, ayoyin kuma babu Musulmin da ke jayayya da su. Amma ina ganin ka ba da maganin wata cuta ga mai wata cutar daban.

Malamai sun bambanta wasuwasi da shubuha. Wasuwasi tunani ne da ke faɗo wa mutum ba tare da dalili ba, shi kansa yana ƙinsa. Wannan shi ake cewa a nemi tsari a kau da kai. Shubuha kuwa tambaya ce da ta samu gindin zama a hankali, mai ita yana ganin tana da hujja. Ita ba ta tafiya da a'uzu billahi kaɗai, sai an warware ta da ilimi. Yaron nan ya kawo tambaya mai kai da ƙafa game da adalcin Allah. In aka ƙwace wayarsa, tambayar tana nan a ƙirjinsa. Abin da zai koya kawai shi ne kada ya sake faɗa wa kowa.

Maman Hanif, ki fara gaya masa abubuwa biyu. Sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) suka ce muna jin wani abu a zukatanmu da ɗayanmu ke jin girman furta shi. Ya ce kun ji haka? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Wato damuwar da ke hana ƙanenki barci ita kanta shaida ce cewa imanin yana da daraja a wurinsa. Wanda babu ruwansa barcinsa yake sha. Sannan Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Allah Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu. Allah Ya ce ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Baƙara aya ta 260. Allah bai kore shi ba, Ya nuna masa.

Kuma ba shi ne farkon mai wannan tambaya ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Kirista suna tasowa Kirista, 'ya'yan Yahudu suna tasowa Yahudu, 'ya'yan Musulmi suna tasowa Musulmi, kuma wannan ya sa shi neman sanin mene ne gaskiya a bayan abin da mutum ya gada. Ya ce ya yi kusan wata biyu cikin shakka kafin Allah Ya yaye masa. Mutumin da daga baya ya riƙe karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ke nan, wanda har yau ake karanta littattafansa a zaurukan Zazzau da Kano.

Ita amsar kanta ga ta a taƙaice. Haihuwa a gidan Musulmi ba takardar shiga aljanna ba ce. Ni'ima ce, kuma za a tambaye shi me ya yi da ita. Allah Ya ce a Isra'i aya ta 15 ba Ya azabtarwa sai Ya aiko manzo, Ya ce a Nisa'i aya ta 40 ba Ya zalunci ko gwargwadon ƙwayar zarra. Malamai sun yi dogon bayani kan wanda saƙo bai kai gare shi ba, da wanda ya kai gare shi a gurɓace. Kuma aƙidar Ahlus Sunna ita ce ba ma nuna wani mutum da yatsa mu ce wane ɗan wuta ne, sai wanda nassi ya ambata. Abokinsa yana raye, ba mu san ƙarshensa ba, ba mu san namu ba.

Abu Sumayya:
Allah gafarta Malam, na yarda da rabe-raben nan. Amma zancen saƙo bai kai ba ai na mutanen daji ne. Ɗan Sabon Tasha yana jin kiran salla sau biyar, yana jin Hausa, tafsiri kuma na tashi a rediyo duk azumi. Hujja ta tsayu a kansa. Kada mu sassauta wa yaro magana har ya ɗauka duk addinai ɗaya ne.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Ban ce addinai ɗaya ne ba, kuma ba zan ce ba. Ban kuma ce yaron can yana da uzuri ba, ban ce ba shi da shi ba. Wannan ma'aunin ba a hannuna yake ba, ba a hannunka yake ba. Amma ka tambayi kanka, wanda aka haifa a kudancin Kaduna wajen 2000, me ya fara ji game da Musulunci a bakin uwarsa? Tafsiri ne, ko labarin ranar da suka gudu daga gidansu? Mu ma me 'ya'yanmu suka fara ji game da su? Allah Ya san abin da ya isa kunnen kowa da yadda ya isa, shi ya sa hisabi nasa ne Shi kaɗai.

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, Bahaushe, kuma na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba. In kun ba ni dama zan sa baki.

Tambayar ƙanen Maman Hanif ni ma na yi ta, sai dai ta juye. Kakannina Musulmi ne kafin su bi Almasihu, dangin babana har yau rabi Musulmi ne. Wata kakata a cikin dangin nan Musulmi ba ta taɓa barin salla ba, ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. Da ta rasu ina saurayi na tambayi fastonmu ina take. Mu ma muna da ayar da Yesu ya ce shi ne hanya, ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa, Yohanna 14:6. Na gaskata da ita, kamar yadda Abu Sumayya ya gaskata da tasa. Ba zan yi muku ƙaryar cewa duka ɗaya ne ba. Amma tsohon nan ya buɗe mini Farawa 18:25, inda Ibrahim ya ce ashe Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba? Ya ce mini ka bar kakarka a hannun wanda ya fi ka ƙaunarta. Da a ce ya daka mini tsawa a ranar, ban san inda zan kasance yau ba.

A wurinmu ma akwai masu cewa duk yaron da ya yi tambaya aljani ne ya shige shi, a kai shi addu'ar kora. Alhali Toma, almajirin Yesu, ya ce ba zai gaskata ba sai ya gani da idonsa, kuma ba a kore shi daga cikin almajirai ba. Akwai kuma uban yaron nan a Markus 9:24 da ya ce na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata.

Abu ɗaya ya sosa mini rai, maganar maɗaukin kanwa. Mishan ta koma Wusasa daga birnin Zazzau tun ƙarshen shekarun 1920, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975 namu ne. Kusan shekara ɗari muna zaune da Musulmi, muna zuwa sunan juna da jana'izar juna. Yaron da ya tashi abokinsa sahur bai cancanci a ce shi ya ɓata shi ba.

Abu Sumayya:
Ɗan Wusasa, ban yi nufin cin mutuncinka ko na yaron ba. Ya yi alheri, Allah Ya shirye shi. Tsoron da nake ji wa ɗan'uwana Musulmi ne ya sa na faɗa.

Ɗan Wusasa:
Na gane, Malam. Ni ma haka nake ji wa nawa.

Baba na Rigasa:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya faɗi tasa. Ni na yi aikin masaƙa a Kakuri tun ana ganin hayaƙin masaƙun. Gidan haya da na zauna a Makera ɗaki goma sha ne, akwai Bahaushe, Bajju, Kataf, Tibi, Bayarabe, Ibo. Famfo ɗaya, banɗaki ɗaya. Ran Kirsimeti matan gidan su kawo mana shinkafa, kuma mu suke kawo wa kajin mu yanka don mu iya ci. Ran Layya mu aika musu nama. Babu wanda ya bar addininsa a gidan nan. Ni a can na yi karatun Ahalari da Ishmawi wajen wani malami Banufe.

Sai Fabrairun 2000 ta zo, rikicin shari'a. Aka sake a watan Mayu. Aka sake a Nuwamban 2002 kan gasar sarauniyar kyau. Mutane sun mutu da yawa ta kowane ɓangare, ba zan buɗe wannan ba. Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya kwashe kayansa. Musulmi muka tattaru a Rigasa, Tudun Wada, Kawo, Unguwar Sarki. Kirista suka tattaru a Sabon Tasha, Television, Narayi, Romi. Kogi ya zama iyaka.

To ga inda nake so ku duba. Ƙanen Maman Hanif cikin wannan rabuwa aka haife shi. Islamiyyarsa Musulmi, bokonsa Musulmi, filin ƙwallonsa Musulmi. Bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kirista ba sai da ya kai shekara ashirin da wani abu. Abin da ya sani game da su, abin da ya ji a majalisa ne. Ran da ya haɗu da na kirki guda ɗaya sai komai ya girgiza, don an sa masa a rai cewa babu irinsa. Mu da muka tashi tare da su ba mu taɓa mamakin ganin Kirista mai amana ba, kamar yadda ba mu mamakin ganin Musulmi maci amana. Imaninmu bai dogara a kan cewa su mugaye ne ba, shi ya sa kirkinsu bai taɓa shi ba. Don haka ni a ganina ba zama da Kirista ne ya kawo wa yaron nan shakka ba. Rashin zama da su ne tun yana ƙarami.

Ku tuna Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci a nan Kaduna, har suka je Yelwan Shendam suka shiga tsakani bayan kashe-kashen 2004. Yau shekaru nawa suna yawo tare? Ashafa bai zama Kirista ba, Wuye bai musulunta ba.

Ummu Aiman:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Wallahi 'ya'yana ko sunan Kirista ɗaya ba su sani ba in ba na malamar asibiti ba.

Ɗan Unguwar Rogo, Jos:
Duk na ji, amma kullum mu ake cewa mu yi haƙuri. A Agustan 2021 matafiya da suka taso daga zikiri a Bauchi aka tare su a hanyar Rukuba aka kashe sama da ashirin. A Zonkwa 2011 an kashe Musulmi ɗaruruwa. Wa ya yi mana zancen haƙuri da juna a lokacin? Yanzu kuma ana so mu lallashi yaro don ya ji tausayin Kirista.

Maman Blessing:
Mu ma muna da namu lissafin, ɗan'uwa. Harin bam a cocin Madalla ran Kirsimetin 2011. Deborah a Sakkwato, Mayun 2022, ɗalibai 'yan'uwanta suka kashe ta suna ɗauka a waya. Leah Sharibu tun 2018 aka sako sauran 'yan matan Dapchi aka riƙe ta. In lissafi za a yi ba za mu tashi daga nan ba.

Mai kula da zaure:
Jama'a, duk abin da kuka ambata ya faru, kuma jinin kowa jini ne. Amma baiwar Allah ta zo neman shawara kan ƙanenta. Wanda ya sake kawo jerin gawarwaki don ya rufe bakin wani zan goge.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Ɗan Unguwar Rogo, ban raina zafin da kake ji ba, mutanen Jos sun ga abin da mu ba mu gani ba. Amma a jiharku ne Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa, ƙaramar hukumar Barikin Ladi, ya buɗe masallacinsa da gidansa a watan Yunin 2018 ya ɓoye Kirista 262, ya fita ya tsaya gaban 'yan bindiga ya ƙi miƙa su. Tsoho ne da ya haura tamanin a lokacin. Shi ma ya san abin da aka yi wa Musulmi a Filato, ya fi ni da kai sani. Allah Ya ce a Ma'ida aya ta 8 kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Kuma da aka wuce da gawar Bayahude Annabi (SAW) ya miƙe, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Tausayin da yaron nan ke ji wa abokinsa ba shi ne matsalar ba. Abin da ya rasa shi ne ilimin da zai ajiye tausayin a muhallinsa.

Ɗan Unguwar Rogo, Jos:
Liman Abubakar kam ba a magana. Allah Ya saka masa. Amma raina bai huce ba, Malam, gaskiya ke nan.

Bazindire:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan Kirista 'yan kaɗan ne, ba mu da tarihin rikici irin na Kaduna. Amma a Janairun 2015, bayan jaridar nan ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci, matasa suka ƙona coci-coci a nan Zinder, washegari aka yi a Yamai, aka rasa rayuka. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada maƙwabtanmu ne, ba su suka yi zanen ba. Na san samari da suka fita ranar, wasunsu ko farillan alwala ba za su lissafa maka ba. Ni wanda ke zaune yana tambaya bai ba ni tsoro kamar wanda bai taɓa tambayar komai ba, aka ce masa tashi ya tashi.

Hajiyan Nima, Ankara:
Mu a Gana a makaranta ɗaya yaranmu ke karatu da Kirista tun suna ƙanana. Babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019 ya je cocin Katolika na Christ the King ranar Ista ya gaishe su. Wasu sun soki abin, amma ba wanda ya isa ya ce imanin Shehu ya yi rauni. Maganar Baba na Rigasa gaskiya ce.

Abu Sumayya:
Zuwa coci ranar idinsu ni ban yarda da shi ba, ko wa ya yi. Kyautata musu da yi musu adalci yana cikin Mumtahana aya ta 8, wannan ba gardama. Halartar bikin addininsu wani abu ne daban.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Wannan mas'ala ce da malamai suka yi magana a kanta, kuma mafi yawa suna inda kake. Mu bar ta zuwa wani zama.

Nas Hauwa:
Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Maman Hanif ta ce ba ya barci kuma tunanin na zuwa masa cikin salla. Ki lura da shi. Yana cin abinci? Ya daina fita? Yana maimaita alwala ko kabbara sau da yawa? Yana cewa shi ya riga ya halaka? Akwai larurar da tunani ɗaya ke maƙale wa mutum ya yi ta dawowa, kuma takan kama masu tsananin riƙo da addini ta ɓangaren addinin. In an ba shi amsa ya natsu, alhamdu lillahi. In an ba shi amsa gobe ya dawo da ita, jibi ya dawo da ita, barci ya ƙi, to a haɗa da likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ba sai mutum ya haukace ake zuwa ba. Ruƙiya ta ayoyi ba ta cutar da kowa, ya yi wa kansa ma. Wadda nake tsoro ita ce ta ɗaki a kulle da bulala da hayaƙi, mun sha karɓar waɗanda aka yi wa ita.

Mai kula da zaure:
Wani ɗan zauren nan ya turo mini saƙo ta gefe, ya ce in saka ba tare da sunansa ba. Ga shi yadda ya rubuto:

"Ni ma haka na fara. Ina aji uku a jami'a na tambayi wani malami irin wannan tambaya bayan karatu. A gaban mutane ya ce in sake kalmar shahada. Washegari abokaina suka daina ba ni hannu. Tun ranar ban sake tambayar kowa ba sai intanet, kuma a can waɗanda suka bar addini ne kaɗai suka saurare ni ba tare da zagi ba. Yau ina salla a jam'i don kada a gane, ina azumi, matata ba ta san komai ba. Ban ce babu Allah ba. Wani dare nakan tashi in roƙe Shi Ya dawo mini da abin da nake ji da. Amma ba zan iya faɗa wa kowa ba. A Sakkwato a 2023 wani mahauci, Musulmi ne, aka ce ya yi ɓatanci, aka kashe shi a kasuwa kafin kowa ya bincika. Ni ban taɓa zagin Annabi ba kuma ba zan taɓa ba, amma wa zai tsaya ya bambance? Maman Hanif, ƙanenki ya zo wurinki ne don ya yarda da ke. Kada ki bari ya yi nadamar haka."

Ummu Aiman:
Ya Salam. Wallahi na yi hawaye. Allah Ya yaye maka, ɗan'uwa.

Ɗan Wusasa:
Irinsa suna nan a kujerun cocinmu ma, suna waƙa tare da mu.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Bawan Allah, wanda ya tashi cikin dare yana roƙon Allah Ya dawo masa da imani bai yanke da Allah ba. Ka ci gaba da sallar nan, ko da kana jin ta bushe, kada Shaiɗan ya ce maka munafunci ne. Munafuki ba ya kuka kan abin da ya rasa. Abin da malamin can ya yi maka kuskure ne babba. Wani saurayi ya zo wa Annabi (SAW) a gaban sahabbai ya ce a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa, Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi, ya tambaye shi ko zai so a yi wa uwarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Imamu Ahmad ya ruwaito. Mu masu karantarwa da yawanmu in aka yi mana tambayar da ba mu da amsarta sai mu rufe jahilcinmu da tsawa. Cewa ban sani ba, bari in bincika, ya fi mana sauƙi ranar hisabi.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, jama'a, Allah Ya saka da alheri. Na karanta masa abin da Malam ya rubuta da na Baba. Da na zo wajen Imamu Gazali sai ya karɓi wayar ya karanta da kansa. Bai ce ya gamsu ba, ya ce yana da sauran tambayoyi, musamman kan ƙaddara. Amma ya ci abinci tare da mu. Matsalata yanzu babban yaya, ba na iya ja da shi.

Baba na Rigasa:
'Yata, kada ki ja da shi. Ki je wajen kawunku ko wani baffa da yake jin nauyinsa, ki yi masa bayani, shi ya kira shi. Kuma a bar yaro da abokinsa. In ma da hali ku gayyato shi gida Umma ta yi masa godiyar jinyar da ya yi, ai bashi ne a kanku.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Ƙaddara ba a waya ake yin ta ba. Ina shigowa Kaduna ƙarshen wata, in ya yarda mu zauna ni da shi, ba da yayansa ba.

Abu Sumayya:
Ni har yanzu ina kan cewa ba kowace tambaya ake buɗe wa ƙofa ba, kuma yawon intanet neman amsa guba ne. Ban janye wannan ba. Amma abin da aka yi wa bawan Allahn da ya turo saƙo ba Sunna ba ce, ko da wanda ya yi shi yana da'awar Sunna. Mai kula da zaure, ka ba shi lambata. In ya kira ba zan tambayi sunansa ko unguwarsu ba, kuma abin da na kasa amsawa zan kai wa malamaina ba tare da na ce wane ne ya tambaya ba.

Mai kula da zaure:
Na tura masa. Ya ce zai yi tunani, kuma ya fi son ya fara da rubutu kafin kira.

Abu Sumayya:
Babu laifi, ya rubuto.